Allurar HPV: Gaskiya da Ƙarya a Abin da 'Yan Mata Ke Ji

Tun da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta a Najeriya cikin Oktoban 2023, jita-jita ke yawo a makarantu da gidajen biki. Yarinya takan zauna gaban nas ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, kunya ta hana ta tambaya. Nas mai hikima ita ke fara cewa, "Ƙanwata, me kika ji ana faɗa a kan allurar nan?"

Amsar farko kusan kullum ita ce, wai tana hana haihuwa. Wannan ƙarya ce. Tun 2006 ake amfani da allurar a duniya, binciken da aka yi bai nuna tana taɓa haihuwa ba. Sankarar bakin mahaifa da take karewa ita ce ke iya kai mace ga a cire mata mahaifa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cutar ta kama mata kusan 12,000 a Najeriya a 2020, ta kashe kusan 8,000.

Masu cewa an ware mata don wata manufa su sani, a Ingila da Ostireliya har samari ake yi wa. A Najeriya an fara da waɗanda sankarar bakin mahaifa ke kashewa ne. Ƙananan shekarun ma ba zargin tarbiyyar kowa ba ne. Allurar ta fi aiki kafin jiki ya haɗu da HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar, wadda mace kan iya ɗauka ko a ɗakin aurenta.

Akwai kuma gaskiyar da bai kamata nas ta ɓoye ba. Damtse kan yi tsami, wata ta yi ɗan zazzaɓi, wata jiri ya ɗebe ta har ta suma, shi ya sa ake zaunar da su minti 15. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma gwajin bakin mahaifa yana nan idan an girma.

In uwa ta kawo zancen gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996, kada a ce mata camfi ne, don ya faru, an kuma rasa rayuka. A bayyana mata cewa wancan magani ne da ake kan gwadawa, wannan kuwa miliyoyin yara sun riga sun karɓa. Izini na iyaye ne, amma a tambayi yarinyar ko ta fahimta kafin ta miƙa hannu.