Shin Ko Kun San? Maganin Ƙyasbi da na Matsin Fitsari Ba Sa Ga Maciji

Shin ko kun san ƙwaya ɗaya tana iya yin aikin biyu ko uku a jiki, alhali mutum bai ƙara ko ɓari a kan abin da likita ya rubuta masa ba? Haka ke faruwa idan maganin matsin fitsari ya gamu da wasu magungunan ƙyasbi da ƙaiƙayin gaba da ake haɗiya.

Matsin fitsarin da nake nufi shi ne wanda mafitsara ke matsewa tun ba ta cika ba. Dattijo ya yi alwala, kafin a tada iƙama ya koma bayi. Da dare kuwa sai ya tashi sau uku ko huɗu. Ba yoyon fitsarin da ke biyo bayan doguwar naƙuda ba ne, wancan aikin tiyata ne. Magungunan da aka fi rubutawa, kamar yadda sunayensu suke a jikin kwali, su ne oxybutynin da tolterodine da solifenacin. A ɗaya ɓangaren akwai ketoconazole da itraconazole da fluconazole, masu kashe ƙwayoyin fangas.

Shin ko kun san a hanta rigimar take? Akwai wani sinadari a cikinta mai suna CYP3A4, shi ke narka magunguna da yawa don jiki ya fitar da su. Ku ɗauka Ƙofar Doka ce ta Zariya da yamma, kowa daga Tudun Wada yana son shiga birni, sai babbar mota ta gitta ta mutu a bakin ƙofa. Ketoconazole da itraconazole su ne motar nan. Maganin mafitsara ya zo wucewa ya rasa hanya, sai ya taru a jini, na jiya bai fita ba ga na yau ya iso.

An auna abin. Ketoconazole miligiram 200 a rana yana ninka solifenacin da ke yawo a jini sau biyu, miligiram 400 kuwa kusan sau uku. Shi ya sa takardar da ke cikin kwalin ta ce kada a wuce miligiram 5 a rana idan an haɗa su. Tolterodine kuma ana sauko da shi daga miligiram 4 zuwa 2.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne, sai dai mukan jingina su ga wani abu dabam. Baki ya bushe ƙamas, bayan gida ya ƙi fita, gani ya yi dishi-dishi har mai karatu ya kasa bin layi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. A wurin tsofaffi akwai rikicewar tunani: Baba ya manta ko ya yi sallar azahar, ya kira jika da sunan ƙaninsa da ya rasu. Sai 'yan gida su ce tsufa ne ya zo, wasu ma su fara neman mai ruƙiyya, ba wanda ya leƙa ledar magani. Wannan ya fi komai damuna, domin sau da yawa rikicewar tana washewa da zarar an gyara maganin.

Shin ko kun san maganin da aka sha don fitsari ya ragu yana iya ɗauke shi gaba ɗaya? Maza masu shekaru, waɗanda ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara ya kumbura musu, su suka fi shiga wannan. Mara ta ɗaure tamau, ana jin fitsari, ko ɗigo babu.

Ga kuma zafin Zariya. Waɗannan magungunan mafitsara suna rage gumi, da gumi kuwa jiki ke sanyaya kansa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, mai dako a kasuwa ko mai tuƙa keke Napep da maganin ya ninku a jininsa yana iya faɗuwa, fatarsa a bushe, jikinsa rau kamar garwashi. Idan ana azumi, abin ya zama goma da ashirin.

Zuciya ma tana da rabonta. Ketoconazole da fluconazole suna iya jinkirta tafiyar lantarkin da ke tsara bugunta, solifenacin da tolterodine ma haka. Ba kasafai yake kai ga haɗari ba, amma mai ciwon zuciya, ko wanda gudawa ta kwashe masa gishirin jiki, kada ya yi wasa da jiri ko suma.

Shin ko kun san dabarar "wannan da safe, wancan da dare" ba ta aiki a nan? Fluconazole yana ɗaukar kimanin awa 30 kafin rabinsa ya bar jini, solifenacin kuma awa 45 zuwa 68. Ko an raba su da wuni guda, a ciki za su tarar da juna. Gaskiya dai fluconazole bai kai sauran biyun toshe ƙofa ba, kuma ƙwaya ɗaya tal mai miligiram 150 da ake ba mata ba daidai take da shan mako biyu ba.

Na shafawa fa? Man ƙyasbi da sabulun wanke kai mai ketoconazole, irin su Nizoral, kaɗan ne ƙwarai ke ratsa fata, ba su cika tada wannan ƙura ba. Shi kuwa ketoconazole na haɗiya, tun 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta nemi a dakatar da shi a kan cututtukan fangas saboda yana lalata hanta, Amurka ma ta taƙaita shi a shekarar. Ƙyasbin ƙirji bai kai a sa hanta a caca ba.

Wasu ma da ba na fangas ba suna toshe ƙofar nan, kamar clarithromycin da ritonavir na masu cuta mai karya garkuwar jiki. Rifampicin na tarin fuka, wanda masu zuwa asibitin Saye suka sani, akasin haka yake yi: wangale ƙofar yake, magani ya fice bai yi aiki ba. Trospium kuma, shi ma na mafitsara ne, galibi ta ƙoda yake fita, don haka likita kan iya komawa gare shi.

Yadda haɗuwar ke aukuwa a Tudun Wada ba wuyar ganewa. Na mafitsara an rubuto shi daga asibitin koyarwa a Shika, na ƙaiƙayi kuma an aiki yaro kemis ya sayo, saboda kunya ta hana a faɗa wa likita. Likita bai san da na biyu ba, mai kemis bai san da na farko ba. A kwashi kwalayen duka, har da na gargajiya, a ajiye gaban likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna a ce: "Ga abin da nake sha, ko akwai waɗanda ba sa jituwa?" Idan kuwa fitsari ya ɗauke mara ta kumbura, ko tsoho ya rikice farat ɗaya, asibiti za a nufa a daren, da ledar maganin a hannu.