Furen matiyola: ana ci, amma ba kowanne ba

Hotunan kek da salak da aka ƙawata da furanni sun cika wayoyinmu, har wasu masu girkin biki sun fara kwaikwayo. Cikin furannin da ake yawan gani akwai wanda Turawa ke kira stock, masana tsirrai kuma Matthiola incana, ko matiyola a taƙaice. Kafin wani ya tsinko fure ya ɗora wa baƙi a faranti, akwai abubuwan da ya kamata a sani.

Asalinsa Kudancin Turai ne, gaɓar tekun Bahar Rum, kuma an raɗa masa sunan wani likitan Italiya, Pietro Andrea Mattioli, da aka haifa a 1501. Ɗan gidan su kabeji ne. Yana fitar da kara miƙaƙƙe, furanni su jeru a jikinsa daga ƙasa zuwa sama, farare, ko ruwan hoda, ko shunayya, ganyensa kuma kore ne mai toka-toka da ɗan gashi. Ƙamshinsa na kanumfari ne sak, kara biyu ko uku sun isa su cika ɗaki. A baki yana da ɗan yaji-yaji mara ƙarfi. Furen ake tsinkewa ɗaya-ɗaya a wanke, a barbaɗa kan salak ko kek. Ado ne da ƙamshi, ba abin cika ciki ba.

Cin fure ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda muna jiƙa zoɓo, wasu kuma na dafa furen zogale. Haɗarin yana wani wuri. Furen da ake sayarwa don ado, na ɗaurin biki ko na shagon masu furanni, ba a noma shi don ci ba. Ana yi masa feshin maganin ƙwari yadda ba za a yi wa kayan miya ba, wani maganin ma tsiron ke shanyewa ya ratsa jikinsa, wanki ba ya fitar da shi. Bayan an yanke kuma akan tsoma karan cikin ruwa mai sinadari don kada ya yi yaushi da wuri. Don haka matiyolar da za ta shiga baki ita ce wadda ka shuka da hannunka ba feshi, ko wadda ka san manominta ka san yadda ya yi.

Sai batun kama. Akwai furen Turai mai suna dalfiniyam da shi ma ke jera furanni a dogon kara, ana haɗa su a ɗauri ɗaya, kuma guba ne. A nan gida, oliyanda da ake shukawa a harabar ofisoshi da makarantu, mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda, tana iya kisa. Zaƙami kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. A ganina, abin da ya fi tayar da hankali shi ne yara: yaron da ya ga an ci fure a gida zai ɗauka duk fure abinci ne. A gaya masa ƙarara cewa kada ya ci kowane fure sai wanda babba ya ba shi. Mai yawan atishawa da ƙaiƙayi idan ya kusanci furanni, ya fara da ɗan kaɗan ko ya haƙura.

Ga mai son shukawa, gaskiyar ita ce wannan fure na sanyi ne. Da zarar zafi ya haura kimanin digiri 27, sai ya yi ta ganye ya ƙi fure. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ko cikin hunturu rana kan kai wannan zafin, don haka kada wani ya zuba kuɗinsa a iri mai tsada ba tare da ya gwada 'yan tukwane ba. Tsaunukan Jos da na Mambila sun fi dacewa da shi. Ana yafa irin a rufe da ƙasa kaɗan, ya tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, a dasa da tazarar kamar taƙi guda a ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Nau'ukan da ke saurin yi kan yi fure cikin mako 10 zuwa 12. Kada a shuka shi inda aka cire kabeji, domin cutarsu ɗaya, tsutsarsu ɗaya. Tunda ba feshi, a riƙa duba bayan ganye da safe ana tsince tsutsa da hannu, ko a rufe shukar da gidan sauro.

Idan don ado ne, a yanke da sanyin safiya lokacin da kusan rabin furannin karan suka buɗe. A zage ganyen ƙasa, a riƙa sauya ruwan kullum, in ba haka ba ruwan zai yi warin ruɓaɓɓen kabeji. Nau'in mai kara ɗaya sau ɗaya ake yankarsa, ba ya sake toho, kuma kada a tsinke masa kai yana ƙarami.

Tsohon iri na gado ana iya ajiye shi shekara bayan shekara, amma da wata dabara. Shuka ɗaya kan ba da tsiro iri biyu: mai cikakken fure ninki-ninki, da mai kunnuwa huɗu kawai. Cikakken, wanda kowa ke so, ba ya yin 'ya'ya ko kaɗan. Wata masaniyar tsirrai a Kambirij ta Ingila, Edith Rebecca Saunders, ta yi shekaru a farkon ƙarni na 20 tana nazarin yadda ake gadon wannan hali. A nau'uka da dama, irin da aka samo daga mai kunnuwa huɗu yakan ba da kusan rabi cikakku. Wanda ya tumɓuke masu kunnuwa huɗun duka don ba su da kyau, ya rasa irin baɗi. A bar wasu su yi kwanso, ya bushe a jikin kara, sannan a murje a adana cikin takarda a wuri mai sanyi da babu danshi.