Ƙugiyar da ke ɓatar da mai bincike a intanet

A kwanakin baya wani ɗalibina ya same ni a gida, a unguwar Barnawa, ɗauke da kwamfutarsa, fuskarsa cike da murna. Yana nazari ne kan kalmomin da aka riƙa amfani da su a rubuce-rubucen Hausa game da ma'aikatan masaƙun Kakuri, yankin da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957. Ya ce: "Malam, na gano wani abu. A duk dogon shafin nan ba a ambaci kalmar ƙwadago ko sau ɗaya ba." Har ya rubuta sakin layi guda yana bayyana dalilin hakan.

Na karɓi kwamfutar, na danna Ctrl da F, na rubuta "wadago" kawai. Nan take burauzar ta haskaka wurare da dama. Kalmar tana nan, sai dai an rubuta ta da "k" maras ƙugiya a wani wuri, a wani wurin kuma "}wadago". Da ban duba ba, da ƙarya ta shiga kundin digiri, wani ya zo ya kafa hujja da ita.

Mai karatu, laifin ba na yaron ba ne, kuma na'urar ba ta lalace ba. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, "k" da "ƙ" kowanne da lambarsa, haka "d" da "ɗ", da "b" da "ɓ". Abin da ke ruɗar mutane shi ne, a Chrome in ka nemi "e" za ta nuna maka har da "é" ta Faransanci, domin ana ɗaukar wannan a matsayin harafi da alama a kansa. Ƙugiyarmu kuwa harafi ce mai zaman kanta. A ilimin harshe wannan daidai ne, domin kafa daban take da ƙafa, fada daban da faɗa, baki daban da baƙi.

Matsalar daga gare mu take, domin kalma ɗaya muna rubuta ta ta hanyoyi huɗu. Akwai ƙugiyar da ta zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin Rupert East da Hukumar Talifi ta Zariya. Akwai masu zubar da ita gaba ɗaya. Akwai masu sa waƙafin sama, su rubuta k'asa. Sannan akwai gadon tsofaffin haruffan kwamfuta irin su Rabi'at, waɗanda suka yi mana rana kafin Unicode ya yaɗu, amma suka ɗora "ƙ" a kan alamar }, "ɗ" a kan ], "ɓ" a kan ~. Da zarar an kwafe irin wannan rubutu zuwa intanet, sai ainihin alamomin su fito. Ga kuma bambancin ƙasa da ƙasa: muna rubuta 'ya'ya, 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴaƴa.

To, mene ne magani? Na farko, in kana nema a cikin shafi, yanke harafi mai ƙugiya ka nemi ragowar kalmar, kamar yadda na yi. Na biyu, in a Google ne, sa kowace siga cikin alamar zance ka raba su da OR, misali "ƙwadago" OR "kwadago". Na uku, ka sa allon rubutun Hausa; yana nan a Windows, yana nan a Gboard na waya. Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, ya rataya ne a wuyan editoci da malamai: duk tsohon rubutu a musanya alamominsa da haruffan Unicode kafin a ɗora shi.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Rubutun da ba a iya nemo shi, tamkar ba a yi shi ba ne. Ɗalibina dai ya goge sakin layinsa, ya koma ƙirga. Allah Ya sa mu gyara.