"Hajiya Ta Ce Na Sace Mata Kuɗi": Abin Da Likitoci Suka Gano Game Da Gigin Tsufa

 Yau na ɗan ajiye alƙalamin soyayya a gefe, kodayake maganar da na zo da ita saura ƙiris ta kashe wani aure da aka shekara uku ana soyayya kafin a ɗaura shi.

Wata ƙawata ce da muka gama sakandare tare, aka kai ta gidan miji, ɗakinta na kallon na uwar mijinta. Watannin farko lafiya lau, Hajiya har kaza ta yanka mata. Can wajen wata na biyar sai abu ya fara: yau kuɗin da Hajiya ta ƙulle a bakin zane sun ɓata, gobe ɗan kunnenta na gwal, jibi goro. Kullum kuma mutum ɗaya take nunawa. "Yarinyar nan ce, tunda ta tako gidan nan nake asara." A ba ta abinci ta cinye tas, ɗanta na dawowa daga kasuwa ta tare shi a zaure da kuka wai tun safe ko koko ba a ba ta ba. Ranar da ƙawar tawa ta yi yaji ta biyo ta wurina, idanu sun kumbura suntum, ta ce, "Wallahi ko dai asiri aka yi don a raba mu, ko kuma tsabar mugunta ce irin ta uwar miji." Makwabta kuwa har sun fara raɗe-raɗin maita, don sau biyu ana tsintar Hajiya da tsakar dare a bakin titi ba mayafi, tana cewa gidan babanta za ta, alhali baban nata ya fi shekara 30 a ƙarƙashin ƙasa.

Kuɗin nan daga baya a cikin kwaryar gari aka same su, ɗan kunnen kuma a cikin tulu. Hajiya ce ta ɓoye da hannunta, ta manta.

Mu dai gigin tsufa muke ce wa irin wannan, muna ɗauka duk wanda ya daɗe a duniya sai ya yi. Likitoci kuwa sun ce ba haka ba ne. Tsohuwa ta manta inda ta ajiye carbinta, an jima ta tuna, wannan tsufa ne, kowa ma yana yi. Amma ta tsaya gaban tukunya ta rasa yadda ake tuƙa tuwon da ta shekara hamsin tana tuƙawa, ko ta dubi jikarta ta ce "ke 'yar gidan waye?", to wannan ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon ƙoda ko na hanta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, matar da aka fara gano ciwon a kanta da kishi abin nata ya soma. Sunanta Auguste Deter, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Haka kawai ta fara zargin mijinta da wata makwabciyarsu, sai ɓoye kayan gida, sai kwaɓa girki, sai ihu cikin dare. A shekarar 1901 mijin ya kai ta asibitin masu taɓin hankali tana da shekara 51, inda wani likita mai suna Alois Alzheimer ya zauna yana yi mata tambayoyi yana rubutawa. Ya tambaye ta sunanta ta ce Auguste, ya tambayi sunan mijinta ta sake cewa Auguste. Da ta rasu a 1906 ya karɓi ƙwaƙwalwarta ya yanka siriri-siriri ya duba da madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Sai ya ga ta motse, ya kuma ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule kamar dauɗa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Ya kai bayanin gaban taron likitoci a wannan shekarar, ba wanda ya ko yi masa tambaya. A 1910 ne maigidansa Emil Kraepelin ya laƙaba wa ciwon sunansa, shi ya sa har yau ake cewa cutar Alzheimer.

An daɗe kafin a san ko mene ne dunƙulen nan. Sai a 1984 aka gano wani sinadarin furotin ne da ake kira amiloyid, a 1986 kuma aka gano zaren na wani furotin ne mai suna tau. Su ne ke taruwa a hankali, har shekara 15 zuwa 20 kafin mutum ya nuna wata alama, suna kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kuma wurin da suke fara ɓatawa shi ne ɗan sashen da ke ajiye sabon abu. Kin ga dalilin da ya sa Hajiya za ta lissafo miki kayan lefenta ɗaya bayan ɗaya har da launin akwati, amma ta rantse ba ta karya kumallo ba. Ba ƙarya take yi ba 'yar uwa, abincin ne bai shiga ma'ajiya ba. Haka ma zancen sata: ta duba bakin zane ba kuɗi, ba ta tuna ta ɗauke su ba, to wa ya rage? Sai wadda ta fi gani kusa da ita, wato dai mai yi mata hidima.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da ciwon mantuwa irin wannan, kuma kowace shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzheimer ce. A cikin sauran akwai wadda ta fi shafar mu nan, wato ta toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa. Mata sun fi maza kamuwa, kuma hukumar ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa wajen jinyar masu ciwon, mata ne ke ɓata shi. Wannan kam ko ba a faɗa mana ba mun sani, don ban taɓa ganin an ce jikan gida namiji ya koma ɗakin kaka da kwana ba.

Kada ki ce ciwon Turawa ne. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, irin su Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da Farfesa Hugh Hendrie na Amurka, suka gwada tsofaffin Yarbawa sama da 2,000 a Ibadan da baƙaƙen fata sama da 2,000 a birnin Indiyanafolis, duk 'yan shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna kusan 2 cikin 100 a Ibadan, a can kuwa kusan 8 cikin 100. Mutanen da asalinsu ya yi kusa da juna amma tazara haka, sai masu binciken suka karkata ga abinci da yawan hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini da suka fi yawa a can. A Zariya ma an yi irin wannan bincike, aka buga shi a 2011, aka sami kusan 3 cikin 100.

Gado fa? Na san tambayar da ke ranki ke nan. Akwai irin da ke bin jini kai tsaye yana kama mutum tun yana ɗan arba'in ko hamsin, amma bai kai 1 cikin 100 na masu ciwon ba. Akwai kuma wata ƙwayar gado da aka gano alaƙarta da ciwon a 1993, mai ƙara haɗari kawai, ba ta tilasta kamuwa. Don haka kada a fasa auren yarinya don kakarta ta rikice.

A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon. A ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, shan taba, buguwa a kai, kurumta da raunin gani da aka bari ba magani, da zaman kaɗaici. Na farkonsu a rayuwa kuwa shi ne ƙarancin karatu tun ana yara, domin ƙwaƙwalwar da ta sha aiki ta fi jure ɓarnar. 'Yan makaranta kun ji, duk saurayin da ya ce ki ajiye biro daga aji uku sai ki karanta masa wannan.

In kin ga alamun a gidanku, asibiti za a fara zuwa, domin akwai abubuwan da ke kama da wannan ciwo alhali suna warkewa: matsalar maƙoƙo, ƙarancin sinadarin B12, baƙin ciki mai tsanani bayan rasuwar miji ko ɗa, ciwon fitsari, har ma da tarin magungunan da ake saya wa tsohuwa a kemis. Rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu, a garzaya a ranar. Likita zai tambayi wanda ke zaune da ita, ya auna jini, wani lokaci a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Turawa kan ce wa mutum ya zana agogo, to tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba fa? Masu binciken Ibadan sai suka fito da gwajin tsinken ashana huɗu, a jera su a wata siffa a ce ta kwaikwaya. Wallahi dabarar ta burge ni. A watan Mayu na 2025 kuma Amurka ta amince da gwajin jini na farko da ke taimakawa wajen gano amiloyid.

Maganin warkewa dai har yau babu shi, duk wanda ya ce miki yana da shi a kwalba kuɗinku yake so. Akwai donepezil da aka fito da shi a 1996, da memantine, suna ɗan sassauta alamun na wani lokaci. A 2023 Amurka ta amince da lecanemab, a 2024 kuma donanemab, waɗanda ke share amiloyid ɗin kansa. A farko lecanemab ƙarin ruwa ne duk sati biyu, ga masu farkon ciwo kaɗai, kuma a gwajin wata 18 ya rage saurin lalacewar da kashi 27 cikin 100, ga haɗarin kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwa. Kuɗinsa da aka sanar a 2023 dala 26,500 ne a shekara. Ni dai a ganina, gidan da ya saya wa Inna na'urar awon hawan jini kuma ya tabbatar tana shan maganinta kullum, ya fi cin riba.

Ita Hajiyar, ƙanin mijin ƙawata ne ya dage aka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan ya sa aka kira ɗanta da amaryar ya zaunar da su, ya ce daga yau a daina musu da ita. In ta ce an sace, a ce "Sannu Hajiya, bari mu nema tare." In ta ce za ta gidan babanta, kada a ce ya mutu, don kullum sabon makoki za ta yi, a ce ta sha fura tukuna rana ta yi sanyi. A bar mata fitila da dare, a sa sakata sama inda hannunta ba ya kai, a ba ta tsintar wake ko ɓarar gyaɗa, kuma a riƙa karɓar amarya ta huta.

Mijin ya je biko da kansa, kansa a ƙasa. Yanzu shekara biyu ke nan, Hajiya ta manta sunan ɗan nata, ita kuma ƙawata da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun suna yara take kiranta, kuma ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nata. Kuɗin har yanzu suna ɓata, amma ƙawata ta san maɓoya uku, kwaryar gari ce ta farko.