Tumunin Matar Mamaci a Gonar Gado

Duk wanda ya san ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ya san gona ita ce dukiyar talaka. Fadamar Gulbin Rima tana ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara wa ƙasa daraja. To, inda daraja ta ƙaru, nan kwaɗayi yake shiga. Sau da yawa maigida kan rasu, matarsa ta gama takabar wata 4 da kwana 10, sai dangin miji su ce gonar gandu ba a raba ta, su sallame ta da damin gero.

Ya 'yan'uwa Musulmi, mu sani Allah Maɗaukakin Sarki Shi da kansa Ya yanka rabon matar mamaci a aya ta 12 ta Suratun Nisa'i: rubu'i idan mijin bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa ba, tumuni idan ya bari. A mazhabar Imamu Malik wannan rabo ya haɗa da gona da gida, kamar yadda ya haɗa da dabbobi da kuɗi. Kafin rabo ana fitar da kuɗin jana'iza, da bashi, har da ragowar sadakinta idan bai cika ba, sa'an nan wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Misali, idan abin da ya rage eka 8 ne, kuma akwai 'ya'ya, eka 1 tata ce. Idan mata biyu ne, sai su raba ekar nan daidai.

Hujjar gandu ba ta soke wannan. Idan mamacin da 'yan'uwansa sun yi tarayya a gonar mahaifinsu, sai a fara fitar da rabonsa, a cire nata daga ciki. In ta yarda a ba ta ƙimar rabonta da kuɗi, ya halatta, amma da yardarta, ba da tsoratarwa ba. Gayaunar da ya ba ta kyauta, ta karɓa tana nomawa tun yana raye, ba ta cikin gado.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi masu barin matansu cikin jahilcin addini. Wannan jahilci shi ne yake sa mace ta yi shiru a kan haƙƙinta, tana ganin neman gado rashin kunya ne. Abin takaici ne a ce ana haka a kusa da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837.

Muna kira ga limamai da dagatai su tsaya a raba gado da wuri, a gaban shaidu, a rubuta. Idan sulhu ya ƙi, ƙofar alƙali a buɗe take, kuma akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato. Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin raunana, amin.