Maƙoƙo da Ƙarancin Aidin da Seleniyam a Garuruwan Hausawan Sudan

1.0 Gabatarwa

Rufa'a gari ne da ke gabashin Shuɗin Kogin Nilu, a jihar Jazira ta ƙasar Sudan. A wannan yanki akwai Hausawa da yawa, wasu kakanninsu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma sun biyo ayarin hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar. Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan sinadarai biyu, wato aidin da seleniyam, da irin illar da rashinsu kan yi wa mazauna irin waɗannan garuruwa.

2.0 Aidin da Ciwon Maƙoƙo

A gaban wuyan ɗan Adam akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da likitoci ke kira tayirod. Ita ke sarrafa ruwan da ke daidaita girman jiki da bunƙasar ƙwaƙwalwa, kuma ba ta iya wannan aiki sai da aidin. Idan aidin ya yi ƙaranci, sai ta kumbura saboda ƙoƙarin tattara ɗan abin da ya samu. Wannan kumburi shi ne Bahaushe ke kira maƙoƙo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa babba yana buƙatar maikurogiram 150 na aidin a kullum, mace mai ciki ko mai shayarwa kuma 250. Illar da ta fi maƙoƙo muni ita ce wadda ba a gani da ido: ɓari, da haihuwar yaro mai raunin ƙwaƙwalwa, da daƙushewar fahimtar ɗalibi.

3.0 Dalilin Ƙarancin

Mafi yawan aidin na duniya yana cikin teku ne. Ƙasar da ke nesa da teku, wadda ruwan sama da ambaliya suka daɗe suna wankewa, takan rasa shi, don haka hatsin da aka noma a kanta ma yakan rasa. A Sudan, Darfur ce aka fi sani da maƙoƙo, musamman wajen duwatsun Jabal Marra.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi cimar Bahaushe kai tsaye. Gero yana ɗauke da wasu sinadarai masu hana tayirod cin moriyar aidin. Wani bincike da aka wallafa a 2000 a kan ƙananan yara na kudancin yankin Shuɗin Nilu ya gano maƙoƙo a jikin kimanin kashi 22 cikin ɗari, alhali gwajin fitsari ya nuna ba su cikin matsanancin rashin aidin. Masu binciken sun zargi yawan cin gero. Wannan ba ya nufin a daina fura da kunu, sai dai a riƙa sirkawa da wasu abinci.

4.0 Matsayin Seleniyam

Jiki yana buƙatar seleniyam kaɗan ne, kimanin maikurogiram 55 a kullum ga babba. Aikinsa biyu ne a nan: yana taimakawa wajen mayar da ruwan tayirod zuwa siffar da jiki ke amfani da ita, yana kuma kare tayirod ɗin daga lalacewa. Yawansa a hatsi ya danganta da ƙasar da aka shuka shi. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin, rashinsa ya haddasa ciwon zuciya da aka fara lura da shi a 1935. A arewacin Kwango kuwa, inda rashin sinadaran biyu ya haɗu da yawan cin rogo, an samu yara masu tsumburewar jiki da ƙwaƙwalwa. A can ne aka gano cewa ba da seleniyam kafin a magance rashin aidin yana iya ƙara tsananta matsalar. Ana samun seleniyam a kifi da nama da ƙwai.

5.0 Mafita

Hanya mafi sauƙi ita ce gishiri mai aidin, wanda Suwizalan ta fara amfani da shi a 1922. Nijeriya ta wajabta shi a 1993. A Sudan, inda mafi yawan gishiri ke fitowa daga gaɓar Bahar Maliya kusa da Fot Sudan, binciken gidaje na 2014 ya nuna ko kashi 10 cikin ɗari na gidaje ba su amfani da gishiri mai isasshen aidin. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya shiga Jazira a Disambar wannan shekara, ya ƙara dagula sufuri da kasuwanni.

6.0 Kammalawa

Wajibi ne uwargida ta duba tambarin aidin a jikin ledar gishiri, ta adana shi a rufaffen mazubi nesa da rana da danshi, domin aidin yana gushewa. Maƙoƙon da ya tsufa da wuya ya sace, raunin ƙwaƙwalwar jariri kuwa ba ya gyaruwa. Saboda haka rigakafin ya kamata ya fara tun kafin mace ta ɗauki ciki.