Kafin ka saya wa yaro allo da ɗamarar wasan lema a teku

Wasan da ake kira kaitsafin, wanda mutum ke tsayawa a kan allo wata babbar lema tana jan sa bisa ruwa da ƙarfin iska, ya shigo gidajenmu ne ta wayar hannu. An sa shi a gasar Olamfik karo na farko a 2024, a gaɓar Marseille ta Faransa, kuma 'ya'yanmu da ke ci-rani a Tarifa ta Sifen, ko Essaouira ta Maroko, ko Cape Town, suna ganin sa ido da ido, suna turo wa ƙannensu bidiyo. Sai ka ji yaro a nan Kwadaso ya ce, "Baba, ni ma a saya mini."

Ni sana'ata kayan gwanjo ce, kuma irin waɗannan alluna da ɗamaru kan faɗo cikin kayan da ake kawo mana daga Turai. Iyaye sukan tambaye ni wanne za su ɗauka. Amsata ɗaya ce: ɗan koyo babban allo yake bukata, da ɗamarar da ta zauna masa daidai, kuma duka biyun sai bayan ya iya iyo ya kuma zauna gaban malami.

Mu fara da iyo, don a nan gizo ke saƙa. Kumasi ba ta da teku. Ruwa mafi girma kusa da mu shi ne tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 daga gari, inda masunta ke hawa falankin katako suna tuƙi da hannu. Tafkin yana cikin kwari, tsaunuka sun kewaye shi, kuma wannan wasa fili yake so da iska mai ɗorewa. Ke nan yaro sai ya gangara bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 200, ya shiga ruwan da ko 'yan ƙasa suna shakkar igiyarsa. Wanda bai iya iyo sosai ba, maganar allo ma ba ta taso ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

In ya iya iyo, to ga allo. Wanda ya dace da ɗan koyo shi ne mai kai biyu, wato gabansa da bayansa iri ɗaya ne, ana tafiya dama ko hagu ba sai an juya ƙafa ba. Samari sukan so ƙarami, don shi suke gani a ƙafar gwanaye masu tsalle. Amma ƙaramin allo nutsewa yake yi kafin lema ta ɗaga mutum. Babba kuwa yana ɗaukar nauyi, yana tashi ko iska ba ta da ƙarfi. Mai nauyin kilo 70 zuwa 80 zai ji daɗin allo mai tsawon santimita 138 zuwa 145, faɗi kamar 41 zuwa 44. Wanda ya fi haka nauyi a ƙara masa. Allo dai ana iya sayen na hannu, in an duba gefensa babu tsagewa, fatarsa ba ta ɓanɓare ba, kusoshin da ke riƙe mazaunin ƙafa ba su yi tsatsa ba. Kuma kada a ɗaure allo a jiki da igiya: in mutum ya faɗi, igiyar kan fizgo shi ya dawo ya bugi kai.

Ɗamara ita ce inda ba na yarda a nemi araha. Lemar ɗan koyo takan kai murabba'in mita 9 zuwa 12, tana can sama a ƙarshen igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 24. Hannu ba ya iya riƙe wannan ƙarfi. Hannu tuƙi kawai yake yi. Duk jan yana sauka ne a ƙugiyar ƙarfe da ke gaban ɗamara. Iri biyu ake da su. Akwai ta ƙugu, mai kama da faffaɗan bel, akwai kuma ta zama, mai madauri da ke zagaya cinyoyi kamar gajeren wando. Ɗan koyo yakan daɗe lemarsa tana tsaye bisa kansa, tana jan sa sama, sai ɗamarar ƙugu ta zame ta hau haƙarƙari ta matse numfashi. Ta zama ba ta hawa, shi ya sa malamai da yawa suke fara ɗalibi da ita.

Ɗamara ba a sayen ta "yaro zai girma ya cike ta", yadda muke yi da kayan Sallah. Dole ya sa ta a jiki, a rataya ƙugiyar a igiya, ya jingina da dukan nauyinsa na ɗan lokaci. In ta juya, ko ta hau, ko ta cije shi, ba tasa ba ce. Ta gwanjo kuwa, rana da gishiri sun riga sun ci zarenta ta inda ido ba ya gani. Mai albasa a kasuwarmu ya san buhun Galmi na iya yin kyau a sama alhali ƙasa ta ruɓe. Shi yana iya zazzage buhu ya duba. Ɗinkin ɗamara sai ranar da ya tsinke za a sani. Na sha mayar da irinta gefe na ƙi sayarwa, ko da mai saye ya nace.

Tare da ɗamara a haɗa da hular kwano, da rigar da ke hana nutsewa, da 'yar wuƙar yanke igiya. A kuma tabbata yaro ya iya sakin lema da bugu ɗaya, ko idonsa a rufe.

Saura iska, kuma wannan ya shafe mu a Gana musamman. Gaɓar ƙasar kudu take fuskanta, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Ke nan duk ranar da ta kai bakin teku, daga tudu take busawa zuwa cikin ruwa, kuma ita ce iskar da ake hana ɗan koyo shiga, don can ciki za ta yi da shi. Lokacin kuma ya zo daidai da hutun makaranta na ƙarshen shekara, sa'ad da yara suka fi matsa wa iyaye.

Saboda haka ga yadda nake ba da shawarar a kashe kuɗin. Na farko kuɗin koyon iyo. Na biyu kuɗin malami mai takardar shaida, irin ta ƙungiyar IKO, wanda zai ba da aron kaya a kwanakin koyo. Na uku sabuwar ɗamara da hula da riga. Allo ya biyo baya, lema kuma ita ce ta ƙarshe, kuma malamin ne zai faɗi girmanta. Yaron da ya haƙura ya bi wannan layi, Alhaji, ka saya masa. Wanda ya ce shi daga bidiyo zai koya, ka riƙe sidinka a aljihu.